Asbesto: Ƙurar da aka ɓoye wa ma'aikata, ga ta a silin gidanka

Mai karatu, idan a tsohon gida kake zaune a Jekadafari ko Tudun Wada ko Herwagana ko Bolari, ɗaga kai ka dubi silin ɗakinka. Idan falle-falle ne masu tauri, launin toka, an manne su da siraran katako, akwai yiwuwar abin da kafintoci ke kira asbesto ne. Muddin yana nan lafiya lau, bai fashe ba, bai fara gari ba, ba wata matsala. Matsalar tana farawa ne ranar da biki ko Sallah ta gabato, ka ce a cire shi a sa silin roba ko POP. Kafinta ya zo da guduma, yaransa biyu suna farfasawa suna jefowa ƙasa, ƙura ta turnuƙe ɗakin. Da yamma uwargida ta share da tsintsiya, yara kuma su kwashi gutsattsarin su yi wasan gini a ƙofar gida.

A kan wannan ƙurar aka shafe kusan shekara 100 ana tafka rigima a Ingila da Amurka, tsakanin likitoci da ma'aikata a gefe guda, da masu masana'antu a ɗaya gefen. Tambayar guda ɗaya ce: ƙura nawa ma'aikaci zai shaƙa ba ta kashe shi ba? Yadda aka riƙa amsa ta darasi ne ga duk mai gida da kafinta da bakanike a Gombe.

Mene ne asbesto?

Ma'adini ne da ake haƙowa daga ƙasa. Dutse ne, amma idan aka farfasa shi sai ya warware ya zama zare-zare kamar auduga. Wuta ba ta cin sa, ba ya tsatsa, gara ba ta taɓa shi, ga araha. Shi ya sa aka riƙa cakuɗa shi da siminti ana yin kwanon rufi da silin da bututun ruwa, ana kuma sa shi a takalman birki da faifan kuloci na mota. Iri uku aka fi amfani da su: fari da ruwan ƙasa da shuɗi. Farin shi ne mafi yawa nesa ba kusa ba. A kwanon rufin siminti yakan kai kashi 10 zuwa 15 cikin 100.

Zarensa ya fi gashin kai siranta sosai, ido ba ya ganin sa, kuma ba shi da wari. Idan ya tashi yakan daɗe yana yawo a iskar ɗaki. Wanda ya shaƙa, sai zaren ya nutse can cikin huhu ya maƙale, jiki ya kasa narkar da shi. Daga nan abubuwa uku kan biyo baya: tabon da ke sa huhu ya yi tauri har numfashi ya gagara, wanda likitoci ke kira asbestosis, da kansar huhu, da kuma wata kansa ta tantanin da ya lulluɓe huhu ko kayan ciki mai suna mesothelioma. Cibiyar binciken kansa ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙara da kansar maƙogwaro da ta ƙwan mahaifa. Mugun halin waɗannan cututtuka shi ne jinkiri. Mutum zai yi shekara 20 zuwa 40, wani lokaci fiye, kafin alama ta fito.

Matar da aka binne ba alama

An san illar tun da wuri. A 1898 wata jami'ar duba masana'antu a Ingila, Lucy Deane, ta rubuta a rahotonta cewa ƙurar asbesto tana cutar da ma'aikata, ta kuma bayyana yadda zaren yake da kaifi kamar fasasshen gilashi. Ba a ɗauki wani mataki ba.

Sai ga Nellie Kershaw, wata ma'aikaciya a garin Rochdale. Ta fara aikin masaƙa tana da shekara 12, a ƙarshen 1917 kuma ta koma kamfanin Turner Brothers tana kaɗin zaren asbesto. A 1922 numfashi ya gagare ta, ta bar aiki. Likitanta ya ce asbesto ne, kamfanin ya ce sam, bai biya ta ko kwabo ba. Ta rasu ranar 14 ga Maris, 1924, tana da shekara 33. Mijinta ya nemi taimakon kuɗin jana'iza aka hana shi, aka binne ta a kabarin matalauta ba ko alama. Likitan da ya binciki huhunta, William Cooke, ya wallafa abin da ya gani, kuma daga irin wannan aiki ne cutar ta samu sunanta.

Gwamnati ta sa aka yi bincike. A 1930 Dokta Merewether da injiniya Price suka fitar da rahoton duba ma'aikata 363, inda suka tarar 95 daga cikinsu suna da tabon huhu, wato fiye da mutum ɗaya cikin huɗu. A 1931 aka kafa dokar farko ta kare ma'aikatan asbesto. Sai dai da wakilan kamfanonin aka zauna aka tsara ta, an ba kura ajiyar nama ke nan. Ma'aunin da aka ɗauka shi ne yawan ƙurar da ke sashen kaɗin zare, don kawai a nan cutar ta fi sauƙi. Dokar kuma ta tsaya ne a cikin masana'anta, ta bar dubban masu amfani da kayan a wuraren gini da tashoshin jiragen ruwa ba kariya.

Wasiƙun da aka ɓoye

A Amurka abin ya fi haka muni. A 1935 wata mujallar 'yan kasuwar asbesto ta nemi izinin yin rubutu a kan cutar. Shugaban kamfanin Raybestos-Manhattan, Sumner Simpson, ya rubuta wa lauyan kamfanin Johns-Manville, Vandiver Brown, cewa rage magana a kan asbesto shi ya fi musu alheri. A 1936 kamfanonin suka haɗa kuɗi suka ba cibiyar bincike ta Saranac don a gwada ƙurar a kan dabbobi, da sharaɗin cewa sai sun duba sakamakon kafin a wallafa. Mai binciken, Leroy Gardner, ya ga ƙari a huhun ɓeraye. Ya rasu a 1946, kuma da aka wallafa rahoton a 1951 an share duk inda aka ambaci kansa. Waɗannan takardu ba su fito fili ba sai a 1977, lokacin da lauyoyin ma'aikata suka tono su a wata shari'a.

Ma'aunin farko na Amurka ya fito ne daga wani bincike na 1938 a masaƙun asbesto na Jihar North Carolina. Kafin masu binciken su iso, an riga an sallami ma'aikata kusan 150, an ɗauki sababbi. Ka ga ke nan an auna lafiyar waɗanda suka rage ne, waɗanda ake zaton sun fi jin jiki sun riga sun koma gida. Masu binciken sun ce adadin da suka bayar na wucin gadi ne, amma a 1946 aka mayar da shi ma'auni, aka yi fiye da shekara 20 ana dogaro da shi.

Gaskiya dai ba ta ɓuya ba. A 1955 Richard Doll ya nuna cewa tsofaffin ma'aikatan Turner Brothers suna kamuwa da kansar huhu kusan ninki 10 na sauran mutane. Kamfanin ya yi ƙoƙarin hana wallafawa, bai yi nasara ba. A 1960 Dokta Wagner ya ba da rahoton mutum 33 masu mesothelioma a Afirka ta Kudu, kuma da yawa daga cikinsu ba su taɓa aiki a mahaƙa ba, kusa da ita kawai suka zauna ko suka yi wasa suna yara. A 1964 Dokta Irving Selikoff ya gabatar da bincikensa a birnin New York, wanda ya nuna yadda kansa ke kashe masu aikin naɗe bututu da asbesto a wuraren gini.

Cinikin lamba

Yanzu ana ƙirga zaren ne a cikin santimita kubik ɗaya na iska. Don ka gane girmansa, ƙaramin cokalin shayi yana ɗaukar irinsa 5.

A 1968 masana a Ingila suka ba da shawarar zare 2, wanda aka yi aiki da shi a dokar 1969. Bayanan da suka dogara da su daga masana'antar Turner Brothers suka fito, kuma tabon huhu kaɗai aka yi wa lissafi, ba a sa kansa a ciki ba.

A Amurka, hukumar kare lafiyar ma'aikata ta OSHA ta fara da zare 12 a 1971. Kafin ƙarshen shekarar ta sauko zuwa 5. Masanan gwamnati sun ce a mayar da shi 2, kamfanoni suka yi kukan tsada da rufe masana'antu, sai aka ɗaga musu ƙafa har 1976. A 1983 hukumar ta yi ƙoƙarin saukowa zuwa 0.5 cikin gaggawa, ƙungiyar kamfanonin ta garzaya kotu, kotu ta soke. Sai a 1986 aka kai 0.2, a 1994 aka kai 0.1.

Daga 12 zuwa 0.1 ragin ninki 120 ne cikin shekara 23. Ƙurar ba ta canza ba, huhun ɗan Adam ma bai canza ba. A kowane mataki an gaya wa ma'aikaci cewa yana cikin aminci, bayan wasu shekaru kuma a dawo a ce ba haka ba. Yi wannan lissafin: mai aikin ƙarfi yana shaƙar iskar da ta kai irin wancan ma'auni miliyan 10 a cikin sa'o'i 8. A ƙarƙashin dokar 1971 zai iya shaƙar zare miliyan 120 a yini ɗaya, doka ba ta ce komai ba. A ƙarƙashin ta 1994 ma zare miliyan ɗaya ne. Shi ya sa a 2023 Tarayyar Turai ta sake rage nata daga 0.1 zuwa 0.01. Matsayin Hukumar Lafiya ta Duniya shi ne ba a gano wani adadi da za a ce ba ya cutarwa ba, kuma duk nau'o'in asbesto, har da farin, suna haifar da kansa.

Haramta shi ma sai da aka yi ta ja. Kamfanin Johns-Manville ya nemi kariyar kotu daga masu bin sa diyya a 1982. Hukumar muhalli ta Amurka ta haramta yawancin kayan asbesto a 1989, kamfanoni suka kai ƙara, kotu ta rushe haramcin a 1991, sai a 2024 aka sake haramta farin. Ingila ta haramta shi gaba ɗaya a 1999, Tarayyar Turai a 2005, Afirka ta Kudu a 2008, Kanada a 2018. Wani gari a Kanada da ke da sunan Asbestos ma sai da mazaunansa suka kaɗa ƙuri'a a 2020 suka sauya masa suna. Yau ƙasashe fiye da 60 sun haramta shi, amma Rasha da Kazakistan da Sin suna haƙowa suna sayarwa. Tun 2006 ake ƙoƙarin sa farin asbesto a jerin kayayyaki masu haɗari na yarjejeniyar Rotterdam, ƙasashen da ke cin riba da shi suna hanawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa shaƙarsa a wurin aiki yana kashe mutum fiye da 200,000 a kowace shekara.

Yadda ya iso Gombe

Kada ka ce wannan labarin Turawa ne. A daidai lokacin da likitocin Ingila da Afirka ta Kudu ke wallafa sakamakonsu, a lokacin ake kafa masana'antun simintin asbesto a Najeriya. An kafa Nigerite a Ikeja a 1959. A Emene kusa da Enugu aka kafa Turners Asbestos Cement, reshen rukunin kamfanonin da Nellie Kershaw ta yi wa aiki, wanda daga baya ya zama Emenite. Akwai Eternit a Sapele, akwai Giwarite a Kano. Mafi kusa da mu ita ce Nigerian Asbestos Industries da ke garin Bauchi, kimanin kilomita 150 daga nan, a zamanin da Gombe ke cikin tsohuwar Jihar Bauchi kafin a ƙirƙiro jiharmu a 1996.

A waɗancan shekaru silin asbesto abin alfahari ne. Ba ya kama wuta, ba ya zafi kamar kwano, ba ya ƙara idan ana ruwa. An sa shi a makarantu da asibitoci da ofisoshi da gidajen ma'aikata. Daga baya manyan kamfanonin sun koma amfani da wasu zaruruwa, don haka ba kowane fallen da ake kira asbesto a kasuwa yau ke ɗauke da shi ba, sunan ne ya bi shi. Amma ido ba ya bambancewa, sai ɗakin gwaji. Ƙa'ida mai sauƙi ita ce, duk fallen siminti da aka sa kafin shekarar 2000, ɗauke shi a matsayin mai asbesto.

Waɗannan gine-gine yanzu sun kai shekara 30 zuwa 60. Sun fara yoyo, iskar farkon damina tana yaye su, ana rushe wasu don yin shaguna da benaye. Duk waccan rigima ta lamba an yi ta ne a kan masana'antun da ke da na'urar auna iska. Kafintan da ya hau silinka ba wanda ke auna abin da yake shaƙa, kuma lebura ne na yini, ba shi da takardar ɗaukar aiki. Dokar masana'antu ta 1987 ta wajabta kare ma'aikaci daga ƙura, dokar diyyar ma'aikata ta 2010 kuma ta tanadi biyan wanda aiki ya jawo masa cuta ta hannun asusun NSITF, amma da wuya inuwarsu ta kai ga irin wannan lebura. A cikin gidanka, kai ne hukumar.

Uwargida, wannan naki ne

A 1965 wani bincike a birnin Landan ya gano mesothelioma a jikin mutanen da ba su taɓa shiga masana'anta ba. Wasunsu matan ma'aikata ne da 'yan'uwansu, waɗanda suke kakkaɓe kayan aiki su wanke. Idan maigida ko ɗanki kafinta ne ko magini ko bakanike, kada ki kakkaɓe kayan aikinsa, kada ki haɗa su da na yara. Ki jiƙa su tukuna, ki wanke su daban a waje. Kada yaro ya rungume shi sai ya sauya kaya ya yi wanka. Idan kuma an yi gyara a gidan, ajiye tsintsiya, ki goge da jiƙaƙƙen tsumma ki jefar da tsumman a cikin leda.

Idan za a yi gyara

Idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. A nan ma ruwan ne babban makami.

Silin da yake lafiya, bar shi. Ka yi masa fenti ba tare da an kankare ba, ko a sa sabon silin a ƙarƙashinsa ba tare da an huda shi ba. Sau da yawa cirewa ta fi bari haɗari.

Idan dole sai an cire, a fitar da yara da tsofaffi da kayan ɗaki, a kashe fanka, a rufe ƙofofin sauran ɗakuna, a shimfiɗa leda a ƙasa.

A jiƙa fallen da ruwa mai ɗan omo, a zare ƙusoshi, a sauko da shi ɗungurungum. Ban da guduma, ban da zarto, ban da injin yanka ko na huji. Injin yanka shi ya fi komai tayar da ƙura.

Mai aikin ya sa takunkumi mai matata na musamman, irin wanda aka rubuta wa P3 ko P100. Hankici ko rawani ko takunkumin asibiti ba sa tare wannan zare.

A naɗe abin da aka cire a leda mai kauri ninki biyu, a nemi shawarar hukumar tsaftar muhalli ta jiha, GOSEPA, kan inda za a binne shi. Kada a zuba a kwari, kada a cike ramin hanya da shi inda mota da babur za su niƙe shi, kada a yi akurkin kaji ko rumfar awaki da shi, kada a ɗora shi a murhu.

Kada kowa ya taka tsohon rufin asbesto, yana karyewa ba gargaɗi.

Bakanike kuma ya daina hure ƙurar birki da baki ko da iskar famfo. Tsofaffin takalman birki da wasu masu araha da ake shigowa da su na iya ɗauke da asbesto. Jiƙaƙƙen tsumma ya wadatar.

Lokacin zuwa asibiti

Idan ka taɓa cire silin sau ɗaya a rayuwarka, kwantar da hankalinka, haɗarin ƙarami ne. Yana ƙaruwa ne da yawan ƙura da yawan shekaru. Wanda ya kamata ya sa ido shi ne wanda ya shekara yana wannan aiki, ko ya taɓa aiki a masana'antar asbesto, da iyalinsa.

Alamun su ne haki da ke ƙaruwa a hankali, busasshen tarin da ya ƙi jin magani, ciwon ƙirji, rama, da taruwar ruwa a ƙirji. Waɗannan sun yi kama da na tarin fuka, don haka a fara da gwajin majina, wanda kyauta ne a cibiyoyin gwamnati. Idan gwajin bai nuna komai ba, ko an sha magani ba sauƙi, a nemi ganin likitan ƙirji a Asibitin Koyarwa na Tarayya ko Asibitin Ƙwararru na jiha. Ka gaya wa likita duk aikin da ka taɓa yi, ko da shekara 30 da suka wuce ne, ka ambaci asbesto da bakinka. Wannan bayani kaɗai yana iya sauya inda zai duba.

Tabon huhu ba ya warkewa, amma ana rage wahalarsa. Abu mafi amfani shi ne barin sigari. Binciken Selikoff da abokan aikinsa ya nuna cewa ma'aikacin asbesto mai shan taba yana fuskantar haɗarin kansar huhu kusan ninki 50 na wanda bai haɗa ko ɗaya ba.

Nellie Kershaw ba ta san abin da take shaƙa ba, waɗanda suka sani kuma suka yi shiru. Yaron kafintan da zai hau silinka ɗan wani ne, watakila bai kai shekara 20 ba, kuma abin da ya shaƙa a ɗakinka sai yana da jikoki zai bayyana. Kafin ya ɗaga guduma, miƙa masa bokitin ruwa, ka gaya masa abin da ka karanta. Allah Ya ba mu lafiya da zama lafiya.